MAN KIRIL DA BATUN NARKAR DA TUMBI: GANIN DALA BA SHIGA BIRNI BA

Gabatarwa

Mai karatu, musabbabin wannan ɗan rubutu nawa shi ne wata takarda da aka miƙo mini in fassara a unguwarmu ta Hausari, a nan cikin garin Maiduguri, lokacin hutun zangon karatu da ya gabata. Wani dattijo maƙwabcinmu, mai ɗan shagon sayar da magani, shi ne ya tsayar da ni bayan sallar la'asar ya ce, "Ɗana, an ce mini Hausa kake karantawa a jami'a. To, ga aiki ya samu. Juya mini wannan takarda zuwa Hausa mai daɗi wadda mata za su ji su gane, ina so a ɗauki murya a rinƙa turawa a waya." Na karɓa da hannu biyu na ce, "To Baba, bari in duba."

Takardar ta tallar wani kafso ce, ja wur mai ƙyalli, da ake kira man kiril. Muhimmiyar jimlar da ke cikinta, idan aka bi Turancin sau da ƙafa, cewa ta yi: bincike a ɗakin gwaje-gwaje ya nuna mai yiwuwa man kiril ya rage rikiɗewar wasu ƙwayoyin halitta na ɓera zuwa ƙwayoyin kitse. Da na karanta wa Baba haka, sai ya girgiza kai ya ce, "Kai ɗana, wannan doguwar magana wa zai tsaya ya saurara? Ka ce kawai yana narkar da kitse, yana sacce tumbi." Na nemi ya ba ni kwanaki in yi nazari. Abin da na tarar shi ne zan gabatar a nan, tare da ra'ayina cewa tsakanin jimlar farko da ta biyu akwai tafiya mai nisa, kuma duk mai fassarar da ya haɗe su wuri ɗaya ya ci amanar masu sauraronsa, ko da an biya shi.

Mene ne kiril?

Kiril wani ɗan ƙaramin halitta ne mai kama da jatan-lande, wanda ke rayuwa a cikin ruwan sanyi na tekun da ya kewaye nahiyar Antatika, can ƙarshen kudancin duniya inda ƙanƙara ba ta yankewa. Tsawonsa bai cika wuce santimita 6 ba, wato kamar ƙaramin yatsa, nauyinsa kuwa bai fi giram 2 ba. Yana yawo ne cikin gungu mai ɗimbin yawa, kuma shi ne abincin manyan dabbobin teku irin su wel da tsuntsayen fengwin. Shi kuma abincinsa wata irin gansakuka ce ta cikin ruwa wadda ido ba ya gani, daga gare ta yake samun wani nau'in maiƙo mai amfani da ake kira omega-3, musamman iri biyu da masana ke taƙaita sunayensu da EPA da DHA. Wannan maiƙo shi ne dai ake samu a jikin kifayen teku irin su sadin da taitus.

Jiragen ruwan ƙasar Norway su ne kan gaba wajen kamun kiril, sai na Sin da Koriya ta Kudu. Akwai hukumar ƙasa da ƙasa mai lura da wannan kamu, wadda ta fara aiki a 1982, mai hedikwata a garin Hobart na ƙasar Ostareliya. Ta ƙayyade tan 620,000 a shekara a yankin da aka fi yin kamun, kuma a watan Agustan 2025 aka cika wannan adadi a karo na farko, har ta rufe kamun tun kafin lokaci. Ke nan kafson da ke cikin shagon Baba ya yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ya iso Hausari, kuma duk wannan kuɗin jirgi da na haraji da ribar dillalai, mai saye ne zai biya.

Yadda kitse yake a jikin mutum

Kafin mu yanke wa man kiril hukunci, ya kamata mu san abin da ake cewa yana narkarwa. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar kitse tamkar man shanu da ya daskare a ƙarƙashin fata, wanda za a iya zuba masa wani abu ya narke. Al'amarin ba haka yake ba. Kitse yana cikin wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne masu rai, biliyoyi masu yawa, kowace ɗaya kamar 'yar salka. Idan mutum ya ci fiye da abin da jikinsa ya ƙona, sai a zuba rarar a cikin waɗannan salkuna su kumbura. Idan kuwa abinci ya yi ƙaranci, ko aiki ya yi yawa, sai jiki ya ɗebo daga ciki, su motse. Mu mutanen yankin Tafkin Chadi mun san gaiwa, wadda idan ruwa ya janye take binne kanta cikin laka ta yi watanni tana cin jikinta har damina ta dawo. To, kitse shi ne irin wannan tanadi a jikin ɗan Adam. A taƙaice, rumbu ne.

A shekarar 2008 wasu masana a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, cikinsu har da Kirsty Spalding da Peter Arner, suka fitar da wani bincike mai ban mamaki. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da manyan ƙasashe suka yi a sarari a shekarun 1950 da farkon 1960, har da wanda Faransa ta yi a Hamadar Sahara a 1960, sun bar wata alama a cikin iska wadda ta shiga tsirrai, daga nan ta shiga jikin mutane. Da wannan alama masanan suka iya gane shekarun ƙwayoyin kitse. Sun gano cewa yawan ƙwayoyin yana ƙaruwa ne a lokacin yarinta da samartaka, idan mutum ya girma sai adadin ya tsaya kusan wuri ɗaya. Kowace shekara kimanin kashi 10 cikin 100 na mutuwa, a maye gurbinsu da sababbi. Har mutanen da aka yi wa tiyatar rage ciki suka zube ƙwarai, salkunan motsewa suka yi, adadinsu bai ragu ba.

Mai karatu, dubi abin da wannan ke nufi. Matar da ta kai shekara arba'in, wadda tumbi ya dame ta, matsalarta galibi ita ce salkunan da take da su tun da daɗewa sun cika maƙil. Ko da an ce wani magani yana hana haifar sababbi, bai taɓa waɗanda suka riga suka cika ba.

Akwai kuma wani abu da takardar talla ba za ta faɗa ba, shi ne hana jiki yin sababbin ƙwayoyin kitse ba lallai ya zama alheri ba. Manomin da ya yi girbi mai yawa amma ba shi da rumbu, ina zai kai hatsin? Sai ya jibge shi a zaure da ɗakin kwana, ɓeraye da gara su samu. Haka jiki yake. Idan rara ta shigo babu salkar da za a zuba, sai maiƙon ya taru a hanta da tsoka da cikin jini. Akwai wata larura da ba kasafai ake samunta ba, inda ake haifar mutum kusan ba shi da ƙwayoyin kitse sam. Irin waɗannan bayin Allah ba su da teɓa ko kaɗan, amma sukan kamu da ciwon suga mai tsanani da kumburin hanta. Bugu da ƙari, akwai wani maganin ciwon suga da likitoci ke bayarwa mai suna fiyogilitazon, wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne sa jiki ya ƙara yin sababbin ƙananan ƙwayoyin kitse domin a samu wurin ajiya. Ashe abin da ake tallata mana a matsayin babbar nasara, likita yakan nemi kishiyarsa domin ceton marar lafiya.

Abin da aka gani a faranti da jikin ɓera

To, daga ina maganar ta samo asali? A shekarun 1974 da 1975 wani masani ɗan Amurka mai suna Howard Green, tare da abokin aikinsa Olaniyi Kehinde, suka ware wasu ƙwayoyin halitta daga ɗan tayin ɓera waɗanda ake iya renonsu a cikin faranti. Sunan da aka ba su shi ne 3T3-L1, kuma har yau ana yawan amfani da su a binciken kitse a duniya. Idan aka zuba musu haɗin wasu sinadarai guda uku, cikin mako guda ko biyu sai su rikiɗe su zama ƙwayoyin kitse, a gansu cike da ɗigon maiƙo. Mai bincike yakan ɗauki faranti biyu, ya ɗiga abin da yake gwadawa a ɗaya, ya bar ɗayan, sannan ya kwatanta.

Gaskiya ne an yi irin wannan gwaji da man kiril, an kuma ciyar da ɓeraye da shi a ƙasashe irin su Koriya ta Kudu da Italiya da Ostareliya, aka ga raguwar kitse a hantarsu da jininsu, a wasu gwaje-gwajen har nauyinsu bai kai na sauran ba. Ban ƙaryata wannan ba, kuma masanan da suka yi aikin ba su yi laifi ba, domin haka bincike yake farawa. Sai dai Hausawa sun ce ganin Dala ba shiga birni ba. Faranti ba shi da ciki da hanji da hanta, ana zuba masa man ne kai tsaye. Mutum kuwa sai ya haɗiye, hanji ya sarrafa, hanta ta ɗauki rabonta, sauran ya watsu cikin jiki mai kilo saba'in ko tamanin. Haka kuma a wasu gwaje-gwajen, man yakan kai kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na duk abincin ɓeran. Mu yi lissafi na kai tsaye: mutumin da ke cin busasshen abinci kimanin rabin kilo a yini, idan zai kwaikwayi ɓeran nan, sai ya sha giram 10 zuwa 25 na man kullum, wato kafso 20 zuwa 50 masu miligiram 500. Takardar Baba kuwa cewa ta yi a sha ɗaya ko biyu.

Wani abin lura a nan, ɗaya daga cikin sinadarai ukun da ake zubawa a faranti domin tilasta wa ƙwayoyin nan su zama kitse shi ne dekzametason, wanda aka fi sani da deksa. Wannan magani shi ne dai yake cikin da yawa daga haɗe-haɗen da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, waɗanda ake sha domin a yi ƙiba kafin biki. Shan sa ba bisa umarnin likita ba yana kumbura fuska da ciki, yana jawo hawan jini da ciwon suga. A kanta ɗaya sai ka ga maganin ƙiba a hagu, na ramewa a dama, kuma sau da yawa mai sayen na farko tana budurwa ita ce mai sayen na biyu bayan haihuwa uku. Kasuwa ta ci riba sau biyu a jiki ɗaya.

Abin da aka gani a jikin ɗan Adam

Hanyar da ake bi a tabbatar da magani ita ce a tara mutane masu yawa a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa wasu maganin, a ba wa wasu kafson da babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san wanda ya samu ba. A shekarar 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara irin waɗannan gwaje-gwaje ta auna su, ta haɗa guda 86 da aka yi kan omega-3, waɗanda suka ƙunshi mutane sama da 160,000. Sakamakon ya nuna cewa yana rage wani nau'in maiƙon da ke yawo cikin jini da kimanin kashi 15 cikin 100, amma game da ƙibar jiki, tasirinsa kaɗan ne ainun ko ma babu. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje da man kifi aka yi su, amma sinadarin da ake taƙama da shi a man kiril shi ne dai wannan.

Shi kansa man kiril an gwada shi a matsayin magani. Wani kamfanin ƙasar Kanada mai suna Acasti ya tace shi, ya yi manyan gwaje-gwaje biyu a kan mutane 520 masu yawan maiƙon jini, ana ba su giram 4 a kullum. A shekarar 2020 ya sanar cewa kowanne daga cikin gwajin biyu bai kai mizanin da aka gindaya masa ba, duk da cewa da aka haɗa sakamakon wuri ɗaya an ga raguwa. Kamfanin ya janye daga neman a yi masa rajista a matsayin magani. A lura, wannan duk kan maiƙon cikin jini ne, wanda sai an ɗebi jini a asibiti ake ganewa. Batun tumbi ba ya ma cikin abin da suka nema.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai akwai lambar NAFDAC a jikin kwalbar. Wannan hukuma, wadda aka kafa a 1993 kuma ta yi suna zamanin marigayiya Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, idan ta ba kayan ƙarin abinci lamba, tana duba tsabtarsa ne da rashin cutarwarsa. Lambar ba shaida ba ce cewa duk abin da mai talla ya faɗa ya tabbata. Kwalaben da ake shigowa da su daga Amurka kuwa, dokar ƙasar ta 1994 ta yarda a sayar da irin waɗannan kaya ba tare da an tabbatar da amfaninsu ba tukuna, da sharaɗin a rubuta cewa hukuma ba ta tantance iƙirarin ba, kuma kayan ba na warkar da wata cuta ba ne. Rubutun yana nan a bayan kwalba da ƙananan haruffa, cikin Turanci. Ban taɓa jin an fassara wannan layi a tallar Hausa ba.

Ga kifi a bayan gida

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ce a Maiduguri ake sayar wa mutane man halittar ruwa daga Antatika. Garin nan fa shi ne ƙofar Tafkin Chadi. Daga Doron Baga ake lodin bandar tarwaɗa da karfasa da bargi da giwan ruwa, a sauke a kasuwar kifi ta Tashar Baga, daga nan manyan motoci su nufi Anacha da Inugu da Legas. Hausawa masunta, musamman daga ƙasar Kabi, sun daɗe suna wannan sana'a a bakin tafkin tare da 'yan ƙasa. Rikicin Boko Haram ya durƙusar da wannan kasuwanci, musamman bayan harin Baga na watan Janairun 2015 da kuma taƙaita kamun kifi da safararsa da hukumomin tsaro suka yi na tsawon lokaci. Kifi ya yi tsada, ya ragu a tukwanenmu. Cikin wannan giɓi ne kafso ya samu shiga.

Domin adalci, dole in faɗi cewa kifin tafki da na kogi bai kai na teku yawan omega-3 ba. Amma kifin teku ma yana nan a garin. Gwangwanin sadin guda ɗaya yana ɗauke da kusan giram 1 na EPA da DHA, alhali kafson kiril mai miligiram 500 yakan ƙunshi tsakanin miligiram 90 zuwa 150, gwargwadon kamfanin da ya yi shi. Ke nan gwangwani ɗaya ya yi daidai da kafso shida zuwa goma, ga kuma nama da ƙashi mai gina jiki a kai. Haka taitus da shawa na masu kifin ƙanƙara. Masu sayar da kiril suna cewa nasa man ya fi saurin shiga jiki, to ko da an yarda da haka, bambancin bai kai ya cike wannan rata ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka shawarar da ta bayar ita ce a ci kifi sau biyu a mako. Kuɗin kwalba ɗaya da na gani a shagon Baba ya isa a yi wa gida guda cefanen kifi na makwanni, kowa ya samu, har da yara da mai ciki waɗanda suka fi bukata. Sai dai a kiyayi bandar da aka fesa wa maganin ƙwari, kuma a rage soya shi cikin mai.

Inda matsalar take a haƙiƙa

Ba ina raina damuwar masu sayen kafson nan ba ne. Ƙiba matsala ce ta gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, yayin da kashi 12 suke da rama. A Barno muna da duka biyun, wani lokaci a gida ɗaya. Dalilan kuma ba ɓoyayyu ba ne. Burabuskon gero da miyar kuka da yakuwa sun ja baya, farar shinkafa da taliya da burodi sun shigo. Kwalbar lemon kwalba mai rabin lita tana ɗauke da kusan giram 50 na sukari, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda, ga shayinmu mai cokali uku da huɗu safe da dare. Daga Hausari zuwa Kasuwar Monday tafiyar 'yan mintoci ce, amma sai ka ga saurayi lafiyayye ya tsayar da Keke Napep. Mata da yawa kuwa ba su da wurin motsa jiki, ga al'adar ɗaukar teɓa alamar hutu da samun wuri.

Tunda kuwa a yarinta ake gina yawan ƙwayoyin kitse, hankalinmu ya kamata ya koma kan yara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan akwai darasi daga ƙasar Holan, wadda ta yi fama da yunwa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945. A 1976 aka fitar da binciken samari kimanin 300,000 'yan shekara 19, aka ga waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon watannin cikinsu sun fi sauran yawan ƙiba. Wato jikin da ya soma rayuwa cikin rashi yakan koyi ɓoye duk abin da ya samu. Mu tuna dubban yaran da aka haifa a sansanonin 'yan gudun hijira irin na Bakassi da Dalori, waɗanda daga baya aka rufe. Yaran nan suna tasowa yanzu cikin gari mai cike da kayan zaƙi masu araha. Idan akwai batun ƙwayoyin kitse da ya cancanci a yi masa shela a rediyo a Barno, to shi ne ciyar da mai ciki da mai shayarwa, da abin da muke saya wa yara a bakin makaranta.

Wanda yake son sanin halin da yake ciki ba ya bukatar na'ura. Ya samu zare ya auna tsayinsa, ya ninka zaren biyu, ya kewaya shi a cikinsa wajen cibiya. Idan bai haɗu ba, to lokaci ya yi da zai rage sukari da soye-soye, ya rinƙa tafiyar ƙafa mai sauri ta minti 30 sau biyar a mako, ya kuma je asibiti a auna masa jini da suga. Wanda likita ya ba shi omega-3 saboda maiƙon jini, ya sha abinsa. Amma mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, da wanda jikinsa ba ya karɓar jatan-lande, kada su kusanci man kiril sai da izinin likita. Haka nan a duba da me aka yi ɓawon kafson, domin wasu kamfanoni da sinadarin fatar alade suke yi. Mafi muhimmanci, kada kowa ya ajiye maganin hawan jini ko na suga saboda ya sayi kafso.

Nauyin da ke kanmu ɗaliban Hausa

Wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da ƙwayoyin kitse? Amsa ita ce mu ne gadar. Ni da Barbarci na buɗe baki, a titunan Hausari na tsinci Hausa kafin in zo in karanta nahawunta a aji, saboda haka na san yadda harshen nan yake haɗa Babarbare da Shuwa da Marghi da Babur da Bafillace a kasuwa ɗaya. Abin da aka faɗa da Hausa a Maiduguri kowa ya ji shi. Idan muka kammala karatu, mu ne za mu zauna a gidajen rediyo da talabijin da kamfanonin talla, mu ne za a miƙa wa irin takardar Baba.

A jimlar da aka ba ni, abubuwa uku ne aka so in zubar: "mai yiwuwa", da "a ɗakin gwaje-gwaje", da "na ɓera". Da zarar an cire su, hasashe ya zama alkawari. Ana yawan fakewa da cewa wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya, dole a taƙaita. Wannan hujja ba ta karɓuwa, domin babu ɗaya daga cikin abubuwan ukun nan da ya gagari Hausa. Malamanmu sun nuna cewa ana iya ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi, kamar yadda aka yi wa fannin harshe da adabi a littafin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta haɗa kai da ɗaliban likitanci da na harhaɗa magunguna, a zauna a fitar da kalmomin abinci da lafiya, a kuma sa ladubban fassarar talla cikin abin da muke tattaunawa a tarurrukanmu. Mu sani kuma cewa doka ta ce sai NAFDAC ta amince da tallar magani kafin a yaɗa ta, saƙon murya a waya bai fita daga wannan ba don kawai babu mai gani.

Kammalawa

Bayan kwana biyar na koma wurin Baba da fassarata. Na rubuta cewa wannan mai ne daga wani ɗan jatan-landen teku, yana ɗauke da irin maiƙon da ake samu a kifi, yana iya taimakawa wajen rage maiƙon jini, amma ba a tabbatar yana rage ƙiba ko tumbi a jikin mutum ba, kuma mai shan wani magani ya tuntuɓi likita. Ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ai wa'azi ka rubuto mini." Na ce, "Baba, a gafarce ni, iyakar abin da ke cikin takardar ke nan." Bai yi fushi ba, domin shi ma sarin kayan ya yi bisa abin da aka gaya masa, kuɗinsa na ciki. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, muka yi sallama. Na san samun wanda zai rubuta masa ɗaya jimlar ba wuya ba ne, kuma mai yiwuwa wanda zai rubuta ɗin yana cikin masu karanta wannan mujalla. Gare shi nake roƙo, ya tuna cewa matar da za ta ji muryarsa ta cire kuɗin cefane ta saya, tana iya zama mahaifiyar wani abokin karatunsa. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu riƙe amanar harshe, amin.